Wasan ƴan tsana a ƙasar Sin: icce na daɗewa, gwaninta sai da magaji

Shekara fiye da dubu ke nan Sinawa suna sa icce da fatar jaki su yi tafiya, su yi kuka, su gwabza yaƙi a gaban jama'a. Sana'ar ta ci abinci a fadar sarakuna, ta ci a kasuwa, ta shiga wutar juyin juya hali ta fito. Abin da ke yi mata barazana a yau shi ne ƙarancin yaran da za su yarda su durƙusa gaban malami shekara da shekaru.

A shekara ta 2012, hukumar Unesko ta sanya wani shiri na lardin Fujian, da ke kudu maso gabashin ƙasar Sin, cikin jerin ayyukan da suka cancanci a yi koyi da su wajen tsare al'adun gargajiya. Jigon shirin shi ne horar da sababbin masu wasan ƴan tsana. Dalilin da aka bayar a fili yake: tun daga shekarun 1980 yawan matasan da ke koyon sana'ar yake raguwa, saboda rayuwa ta sake, kuma koyon yana da tsawo da wuya. Wannan ita ce matsalar da ke gaban sana'ar. Ana iya ajiye akwatin ƴan tsana a gidan tarihi ya shekara ɗari uku bai lalace ba, amma abin da yatsun gwani suka sani yana bin sa kabari idan bai sami wanda ya karɓa ba.

Mai karatu da ya taɓa ganin masu ɗiyan dabo a kasuwannin ƙasar Hausa, inda mutum guda ke ɓuya ƙarƙashin zane yana motsa ƴan mutum-mutumi yana sake murya, ya san irin wasan da ake nufi. A ƙasar Sin abin ya bunƙasa ya yi rassa, kowane reshe da garuruwansa, da kiɗansa, da gidajen da suka gaje shi kaka da kakanni.

Tsakanin tatsuniya da tarihi

Sinawa suna da labarai da dama game da asalin wasan. Wani tsohon littafi mai suna Liezi ya kawo labarin wani maƙeri, Yan Shi, wanda ya kai wa sarki Mu na daular Zhou mutum-mutumi mai rawa da waƙa. Da wasa ya kusa ƙarewa sai mutum-mutumin ya ƙyafta wa matan sarki ido. Sarki ya hasala zai sa a kashe maƙerin, shi kuwa ya yi maza ya warware abin gunduwa-gunduwa, aka ga ba kome ciki sai icce da fata da danƙo da fenti.

Masu wasan inuwa kuma suna jingina sana'arsu ga sarki Wu na daular Han, wanda ya yi mulki daga 141 zuwa 87 kafin miladiyya. An ce da matarsa Li ta rasu baƙin ciki ya hana shi sukuni, sai wani boka ya kafa labule da dare, ya kunna fitilu, ya nuna masa inuwa mai kama da ita daga nesa. Masana tarihi suna ɗaukar waɗannan a matsayin labaran da kowace sana'a ke ƙawata asalinta da su.

Abin da ƙasa ta tona ya fi ƙarfin hujja. A ƙarshen shekarun 1970, a yankin Laixi na lardin Shandong, an sami mutum-mutumin icce mai tsawon santimetir 193 cikin wani kabari na zamanin Han. An haɗa shi gaɓa-gaɓa ta yadda zai iya tsayuwa, ya zauna, ya durƙusa. Rubuce-rubucen zamanin sun nuna cewa da fari wajen jana'iza ake wasa da irin waɗannan siffofi, sai daga baya, wajen ƙarshen daular, masu hali suka fara kiran masu wasan zuwa bukukuwan aure. Wannan alaƙa da bauta da al'amuran matattu ba ta rabu da sana'ar ba har ƙarni na 20.

Ranar da wasa ya shiga kasuwa

A zamanin daular Song, daga 960 zuwa 1279, aka sami cikakken bayani a rubuce. Birnin Kaifeng, sannan Hangzhou bayan da fada ta ƙaura kudu, suna da unguwanni na musamman na nishaɗi, inda mai tatsuniya da mawaƙi da ɗan kokawa da mai ƴan tsana kowa ke da rumfarsa, ƴan kallo suna biya su shiga. Wani marubuci, Meng Yuanlao, wanda ya kammala littafinsa na tuna Kaifeng a 1147, ya ambaci gwanayen wasan da sunayensu, alamar cewa sun yi fice kamar yadda manyan makaɗa ke yi.

Marubutan Song sun lissafa iri biyar: ƴan tsana masu zare, masu sanda, masu wasa bisa ruwa, waɗanda albarushi ke motsawa, da kuma abin da suka kira ƴan tsanan nama, wato yara ƙanana masu kwaikwayon motsin icce. Game da wasan inuwa sun ce da takarda aka fara yanka siffofin, sannan aka koma fatar tumaki mai launi, kuma mutumin kirki akan ba shi kyakkyawar fuska, mugu a ba shi mummuna, don ɗan kallo ya gane kowa tun bai buɗe baki ba. Kasuwa ce ta kawo wannan tsari. Mai biyan kuɗi yana son dogon labari na yaƙe-yaƙen sarakuna da zai sa ya komo gobe, saboda haka masu wasa suka rungumi tarihin Dauloli Uku, daga baya kuma labarin Sun Wukong, sarkin birai mai rakiyar malami zuwa Indiya neman littattafai.

Zare talatin a hannu biyu

Birnin Quanzhou, wanda ake furtawa kamar Cuwanjo, shi ne Zaitun na fataken Larabawa, tashar jiragen ruwa da Ibn Battuta ya ziyarta wajen 1345 ya lissafa ta cikin mafi girma a duniya. Nan ne cibiyar ƴan tsana masu zare. Kowace ƴar tsana tana da zare 16 zuwa sama da 30, duk a ɗaure ga wani ɗan allo mai mariƙi. Hannu ɗaya yana riƙe allon, ɗayan yana tsefe zaren da yatsu. Akwai zaren kafaɗa, na gwiwa, na tafin hannu, har da na yatsu, ta yadda gwani kan sa ƴar tsana ta zare takobi daga kube, ta zuba giya a ƙoƙo, ko ta ɗauki alƙalami ta rubuta harafi. Marigayi Huang Yique, wanda ya rasu a 2007, ya yi suna da wani biri da yake sa shi hawan keke da kaɗa gita.

Kan ƴar tsana aikin masassaƙi ne na daban. Da iccen kafur ake yin sa, domin ba shi da nauyi kuma gara ba ta cin sa. Akan rarake cikinsa, wani lokaci a sa masa idanu da haɓa masu motsi, a shafe shi da farar ƙasa da danƙo shafi bisa shafi, a goge, a zana fuska, a ƙarshe a murza kaki don ya yi sheƙi. Launi yana da ma'ana kamar a sauran wasan kwaikwayon Sin: jan fuska na mai amana ne, baƙa ta mai zafin rai da gaskiya, farar da aka shafe fes kuwa ta maci amana ce. Masassaƙin da ya fi shahara shi ne Jiang Jiazou, wanda ya rayu daga 1871 zuwa 1954; kawunan da ya sassaƙa suna cikin kayan tarihin da ƙasa ke tsarewa.

Quanzhou ta adana wasanni fiye da 700 da karin waƙa fiye da 300 na wannan sana'a kaɗai. Jagoran makaɗa yana da wata ganga da yake ɗora ƙafa bisa fatarta, yana dannawa yana sassautawa don sake sautinta, kwatankwacin yadda mai kalangu ke matse tsirkiya. Tare da shi akwai masu kuge da mai busa wata ƴar algaita. A tsarin dā, ƙungiya takan ƙunshi masu wasa huɗu da ƴan tsana 36.

Aljihu, sanda da inuwa

Birnin Zhangzhou, maƙwabcin Quanzhou, ya shahara da ƙananan ƴan tsana da ake zura wa hannu, masu tsawon wajen santimetir 30. Sunan wasan a Sinanci yana nufin wasan jakar ƙyalle. Manuni yana shiga cikin kai, babban yatsa ya zama hannu ɗaya, sauran yatsu uku su zama ɗayan. Da wannan kaɗai gwani ke sa jarumai biyu su yi faɗa da mashi, ya jefa ƴar tsana sama ta wuntsila ta faɗo daidai kan yatsansa, ko ya sa ta juya faranti bisa tsinin sanda. An ce wani ɗalibi ne, Liang Binglin, ya ƙago wasan a zamanin Ming bayan ya faɗi jarrabawar shiga aikin gwamnati sau da yawa, ya yi mafarki an gaya masa ɗaukakarsa tana cikin tafin hannunsa. Ko da labarin tatsuniya ne, masu sana'ar suna son sa.

A arewacin lardin Sichuan akwai manyan ƴan tsana masu sanda da suka kusa kai tsawon mutum, mai wasa yana ɗaure sandar a ƙugu yana rawa da ita. A Shaoyang ta lardin Hunan kuwa mutum guda ne ke ɗaukar dandalin duka bisa sandar kafaɗa, ya kafa shi a bakin hanya, ya shige cikin zane, hannu na wasa, baki na waƙa, ƙafa na buga kuge.

Wasan inuwa aikin majema da dukawa ne kafin ya zama na mawaƙa. A yankin Tangshan da Luanzhou na lardin Hebei fatar jaki ake so. A Shaanxi ta saniya. Akan jiƙa fatar, a kankare gashi da nama har haske ya riƙa ratsa ta, a shanya, a zana siffa, a yanke da wuƙaƙe iri-iri. Masu yanka na Shaanxi suna da wata dabara: wuƙa tana tsaye wuri ɗaya, fatar ake turawa tana juyawa ƙarƙashinta. Rigar sarki ɗaya tana iya cin yanka dubbai. Bayan rini akan danne fatar da zafi don launi ya kama kuma kada ta nannaɗe. Siffar mutum takan ƙunshi gunduwa wajen goma sha ɗaya da aka ɗinke a gaɓoɓi, da sanda uku: ɗaya a wuya, biyu a hannuwa. Ana manna ta ga farin labule, fitila na bayanta, ƴan kallo na gaba. Kai yana cirewa, don haka jiki ɗaya yana iya zama mutum goma. Idan an tashi wasa akan ajiye kawuna dabam da jikuna, saboda tsofaffi sun yi imani cewa in aka bar su a haɗe za su tashi da dare. A Huaxian mutum biyar ne ke ɗauke da wasan duka, ɗaya yana rera muryar kowa, namiji da mace, ɗaya yana motsa siffofin, sauran suna raba kayan kiɗa fiye da goma a tsakaninsu.

Sunan wasan ya kai Turai tun ƙarni na 18. Faransawa suka raɗa wa irinsa suna «ombres chinoises», wato inuwoyin Sin, kuma wani mai suna Séraphin ya buɗe gidan nuna shi a Palais-Royal na birnin Paris a 1784.

Wa ke biya?

A karkara, shekaru ɗaruruwa, ɗakunan bauta da iyalai ne ke riƙe da sana'ar. Akan kira ƙungiya ranar bikin abin bautar gari, ko don cika alwashi bayan an warke daga ciwo, ko wajen aure, ko tarewa a sabon gida, ko korar masifa bayan gobara. A Quanzhou sunan wasan zare da harshen wurin yana nufin biki mai albarka, kuma kafin a fara sai an fito da ƴar tsanar Tian Du Yuanshuai, wanda masu sana'ar ke ɗauka majiɓincinsu, ta tsarkake dandali. Ƙungiyar ƴan tsana ta fi ta mutane araha, shi ya sa ƙauyen da ba zai iya ɗaukar manyan ƴan wasa ba yakan kira ta.

Koyarwa kuwa cikin gida take. Uba yana ba ɗansa, ko malami ya ɗauki yaro ya zauna gidansa yana yi masa hidima. Da yawa daga cikin wasannin a ka suke, wasu kuma a littattafan hannu da ba a nuna wa bare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: mai wasan hannu yakan fara tun yana ƙarami, yana miƙar da yatsu kullum har manuni ya iya tsayuwa cak alhali sauran suna motsi. Wannan ɓoyo ya kare abincin kowane gida daga ƴan gasa, amma shi ne kuma ya sa duk gidan da ya rasa magaji iliminsa ke ɓacewa gaba ɗaya.

Mahukunta ba su cika amincewa da masu tara jama'a cikin duhu ba. Lokacin tawayen ƙungiyar Farar Bado, daga 1796 zuwa 1804, an takura wa masu wasan inuwa bisa zargin cewa suna da hannu a tsafi da tada zaune tsaye.

Albashi, sannan wuta

Bayan kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, gwamnati ta tattara gwanaye cikin ƙungiyoyin hukuma. An kafa ta Quanzhou a 1952, ta ƙasa kuma a Pekin a 1955. Mutanen da a dā ake yi wa kallon ƙasƙanci suka zama ma'aikata masu albashi. Aka kawo wutar lantarki, aka faɗaɗa dandali, aka tsawaita zare har mai wasa ya koma tsayuwa bisa gada a sama, aka buɗe azuzuwan koyarwa da mata ke shiga. Abin da aka biya shi ne raba wasan da bauta, wadda hukuma ta kira camfi, da karkata shi ga yara da faɗakarwa irin ta jam'iyya.

Rayuwar Yang Sheng na Zhangzhou ta nuna fuska biyu na wannan zamani. A 1960 shi da abokan aikinsa suka ci lambar zinariya a gasar duniya ta birnin Bukares na Rumaniya. Shekara shida bayan haka Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke, aka hana tsofaffin wasanni, aka ƙone akwatuna da littattafan hannu a wurare da yawa, wasu iyalai suka binne nasu cikin ƙasa. Yang Sheng ya sha tsangwama, ya rasu a 1970. Ƙaramin ɗansa, Yeung Fai, wanda aka haifa a 1964, ya koya wajen yayansa, daga baya ya zauna Faransa, kuma a 2011 ya fito da wasan da ke ba da tarihin gidansu, shi ne na biyar a jerin magada. Fim ɗin Zhang Yimou na 1994 game da wani mai wasan inuwa da aka sa ya ƙone kayansa ya nuna wa duniya irin wannan asara.

Darasin Taiwan

Baƙi daga Fujian ne suka kai wasan hannu tsibirin Taiwan, can kuma ya bi wata hanya. A 1970 Huang Chun-hsiung ya shigar da shi telebijin da labarin jarumi Shi Yanwen. Shirin ya yi kashi 583, kuma an ruwaito cewa ya taɓa kama kashi 97 cikin 100 na masu kallo. Da tsakar rana ake nuna shi, manoma suna barin gona, ma'aikata suna barin ofis. A 1974 hukuma ta dakatar da shi, ta ce yana hana jama'a aiki, a daidai lokacin da take matsa wa tashoshi su rage amfani da harshen tsibirin. Ƴaƴansa suka kafa kamfanin Pili, inda ƴan tsana suka ninka girma, aka haɗa su da dabarun silima. Kuɗi ya shigo, amma wasan da kyamara ke yankawa tana haɗawa ba ya bukatar irin yatsun dā.

Li Tien-lu, wanda ya rayu daga 1910 zuwa 1998, ya riƙe tsohon salo. Da ya ga almajirai sun yi ƙaranci sai ya karya al'adar ɓoyo: ya karɓi ɗalibai daga Faransa tun shekarun 1970, cikinsu har da Jean-Luc Penso, sannan a shekarun 1980 ya shiga makarantun firamare yana koya wa yara. Fim ɗin rayuwarsa, na Hou Hsiao-hsien, ya ci kyauta a bikin Kan na 1993. Ɗansa Chen Hsi-huang ya ƙara gaba, ya yarda a ɗauki hoton yatsunsa tsirara, ba ƴar tsana a kansu, motsi bayan motsi, don kowa ya gani.

Magada

A ɓangaren Sin, ƙauyuka sun tono akwatunansu bayan 1976, wasan ya farfaɗo na ɗan lokaci, sai telebijin da ƙaurar matasa zuwa masana'antun birane suka kwashe ƴan kallo da almajirai tare. Hukuma ta sake shigowa. A 2006 aka sanya wasan ƴan tsana da na inuwa cikin jerin farko na al'adun da ƙasa ke karewa. A 2008 ƙungiyar Quanzhou ta yi wasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Pekin. A 2011 Unesko ta amince da wasan inuwa na Sin a matsayin gadon ɗan Adam. Ana zaɓen tsofaffin gwanaye a ba su muƙamin magajin sana'a tare da tallafin shekara, wanda aka ɗaga zuwa yuwan 20.000 a 2016 ga masu matsayin ƙasa, bisa sharaɗin su koyar. Shirin Fujian ya haɗa da rubuta littattafan koyarwa, da kai wasan makarantu, da gina wuraren horo.

Duk da haka sauran aiki. Manyan ƙungiyoyin birni suna da gidajen wasa da ƴan yawon buɗe ido, amma abin da suka fi nunawa gajerun gutsattsari ne masu ban mamaki, na minti goma ko ashirin. Dogayen wasannin da akan kwana ana yi, da addu'o'in buɗe dandali, da karin waƙar kowane kwari, suna hannun ƙananan ƙungiyoyin ƙauye da yawancin mutanensu suka manyanta. Kowane mai biya da sana'ar ta samu, daga ɗakin bauta zuwa kasuwa, daga hukuma zuwa telebijin, ya raya wani sashe nata ya bar wani. Sashen da ya rage a ka da yatsun tsofaffin ƙauye ba shi da wanda ya ɗauki nauyinsa sosai, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: koyonsa yana cin shekaru masu yawa, malaman da suka san shi kuwa suna raguwa kowace damina.